Idan Karen Gida Ya Fara Ɗingishi



Yau zancen kare zan yi, kuma na san akwai wanda da jin haka zai kai hannu ga rediyonsa ya nemi wata tasha. Ina roƙo a ɗan dakata mini. A ƙasar Hausa muna zaune da karnuka fiye da yadda muke yarda mu faɗa. Mafarauci yana da su, makiyayi yana da su a ruga, mai lambu yana kwana da nasa a bakin fadama, a birni kuma gidaje da gareji da shaguna da yawa kare ne ke gadinsu idan dare ya raba. Muna cin moriyarsa, amma ranar da ya dawo yana tafiya da ƙafa uku, ya ɗaga ta huɗun sama, sai ka ji an ce a ƙyale shi, ai kare ne, zai lashe abinsa ya warke.

Da hunturun da ya wuce na je ƙauyenmu gaisuwa. Baffana mafarauci ne tun yana saurayi, kuma yana da wani jan kare da ba ya fita daji sai da shi. Na tarar da karen kwance a gindin rumbu, ya sa ƙafar gaba ta dama a baki yana ta lasa, ƙafar kuwa baƙi ƙirin. Na ce, "Baffa, me ya sami karen nan?" Ya ce, "Ƙaya ya taka wajen farauta, ɗana. Kwana huɗu ke nan. Yara sun zuba masa baƙin mai, zai warke." Baffa yana son karen nan, ba na shakka. Abin da ya ga ana yi tun tasowarsa shi ya bari aka yi. Da muka dafa ruwa ya huce muka wanke ƙafar, sai ga sartsen tushiyar dawa, tsawonsa ya kai gaɓar yatsa, ya shige tsakanin yatsu biyu ya karye a ciki, wurin ya tara mugunya. Baƙin man bai taɓa sartsen ba. Rufe shi kawai ya yi, karen kuma ya wuni yana haɗiyar man injin.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana ke nan. Yawancin ciwon dagin kare ƙaramin abu ne da ruwa da gishiri da ido mai lura za su iya kashewa a gida. Abin da ke mai da shi gyambo shi ne sakaci, ko kuma zuba masa abin da ya fi ciwon illa.

Sai mu fara da ita ƙafar kanta. Kare a kan yatsunsa yake tafiya. A ƙarƙashin kowace ƙafa akwai tsoka mai kauri kamar matashi, babba ɗaya a tsakiya da ƙanana huɗu a ƙarƙashin yatsu, fatarsu mai kaushi, cikinsu kitse. Su ne takalminsa, su ke tare masa zafin ƙasa da tsinin dutse. A ƙafafun gaba akwai wani ƙaramin yatsa na biyar can sama kaɗan ta ciki, wanda ba ya taɓa ƙasa, shi ya sa farcensa ba ya cinyewa, har yakan lanƙwashe ya soki naman. Ƙafafun gaba su ke ɗauke da kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin jikinsa, don haka su suka fi samun rauni. Tsakanin yatsun kuma fata ce mai laushi, mai gashi, mai ɗumi da danshi, domin ta tafin ƙafa kare ke ɗan yin gumi. Nan ne maɓoyar kusan duk abin da ke damunsa.

Kowane lokaci na shekara da irin nasa. Da kaka, ƙarangiya ce ke maƙalewa a gashin tsakanin yatsu, ga tsidau mai tsini a kan hanya. Da rani, lokacin farauta, tushiyar dawa da gero ta bushe ta zama kamar wuƙa, ga dajin da aka ƙone wanda tokarsa ke ɓoye garwashi, ga tarkon da wani ya ɗana wa gafiya. Hunturu yana busar da tafin ƙafar kare ya tsage, daidai da yadda faso ke tsaga diddigen mutum. Da bazara kuwa, a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura maki 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai, kwalta da yashi da daɓen siminti sun fi iskar zafi nesa ba kusa ba, kuma suna iya saluɓe fatar dagi. Ka ɗora bayan hannunka a ƙasa ka ƙirga bakwai a hankali. Idan ba za ka iya jurewa ba, karenka ma ba zai iya ba, kuma wanda ya ɗaure shi a filin da babu inuwa ya zalunce shi. Damina ita ce ta kawo kaska, da jiƙewar ƙafa a taɓo har tsakanin yatsu ya yi ja ya riƙa wari. A birni sai a ƙara da fasasshiyar kwalba da ƙusa da guntun kwano a bola.

To, ka ga karenka yana ɗingishi ko ya dami ƙafa ɗaya da lasa. Kafin ka kai hannu, tsaya ka kalle shi daga nesa, kuma wannan kallo ba wasa ba ne. Kare ne da ka sani, yana cin abincinsa, yana kaɗa maka wutsiya, idonsa garau? Ko kuwa halinsa ya sauya, yana dalalar da yawu, yana kai cizo ga iska da itace, muryarsa ta canza, ƙafafun baya suna jan ƙasa? Idan na biyun ne, kada ka taɓa shi, kada yaro ya matso. A kulle shi inda ba zai fita ba, a kira ma'aikacin dabbobi. Ciwon haukan kare yakan zo da shanyewar ƙafa, kuma kare mai ɗauke da shi yakan dami wurin da aka cije shi da lasa da gatsa. Zan dawo kan wannan. Haka kuma karen da ba naka ba, wanda ba ka san tarihinsa ba, ba a yi masa jinyar gida.

Idan ka tabbata ƙafa ce kawai, to ka tuna ciwo yana sa mai haƙuri ma ya yi cizo. Ku zama ku biyu, wanda karen ya fi sabawa da shi ya riƙe kai yana yi masa magana. A sami tsumma mai tsawo da laushi a yi masa takunkumi: a naɗe baki sau ɗaya ko biyu, a ƙulla a ƙarƙashin haɓa, a zagayo da bakin tsumman a ɗaure a bayan kunnuwa. Na ɗan lokaci ne, a kwance da an gama, domin da haki kare ke fitar da zafin jikinsa. Kada a yi wa wanda ke amai ko numfashi da ƙyar. A kwantar da shi a gefensa a wuri mai haske, ko a haska tocila.

Nan wasu za su ce, yaya zan kama ƙafar kare da hannuna alhali ina salla? Tambaya ce mai kyau, kuma malamai sun amsa ta tun da daɗewa. A mazhabar Malikiyya, wadda yawancinmu ke bi, duk dabba mai rai tana da tsarki, har da kare da yawunsa, kuma wanke ƙwaryar da ya sha sau bakwai malamanmu sun ɗauke shi a matsayin bin umarni na ibada. Wasu mazhabobin sun tsananta fiye da haka. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya sa safar hannu ta roba, ko ya zura hannunsa a leda mai tsabta, in ya gama ya wanke da sabulu, wanda dama lafiya ma ta buƙaci haka. Addinin da ya halatta riƙon kare don farauta da kiwo da tsaron gona bai ce a bar shi ya ruɓe ba. Mun san labarin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira, na mutumin da ya sauka rijiya ya sha ruwa, da ya fito ya ga kare yana cin danshin ƙasa saboda ƙishirwa, ya koma cikin rijiya ya ciko huffinsa da ruwa, ya riƙo shi da baki ya hauro ya shayar da shi, Allah Ya gafarta masa. Duk lokacin da na tuna wannan labari, abin da ke tsaya mini a rai shi ne wahalar da ya sha, saukar rijiya a karo na biyu saboda dabbar da ba tasa ba.

Yanzu wanki. Ka tafasa ruwa rabin lita, wato cikin ledar ruwan sha guda ɗaya, ka zuba gishiri ƙaramin cokalin shayi ɗaya a shafe, ka bari ya huce ya zama ɗumi-ɗumi yadda za ka iya barin gwiwar hannunka a ciki. Kada ka ce bari in ƙara gishiri don ya fi ƙarfi, wannan awon ya yi kusa da gishirin da ke cikin jini, shi ya sa ba ya zafi sosai, ba ya kuma cin nama. Ka tsoma ƙafar a roba minti 5 zuwa 10. Ruwan zai jiƙa busasshen jini da taɓo, ya sassauta kumburi, sannan ka ga abin da kake nema. Idan an riga an shafa mai ko wani abu mai maiƙo, sai an fara wanke shi da sabulu marar ƙarfi an ɗauraye sosai.

Sai dubawa, kuma a nan ne ake yin gaggawa a yi asara. Ka bi yatsu ɗaya bayan ɗaya. Ka buɗa kowane tsakani, ta sama da ta ƙasa. Ka latsa kowace tsoka a hankali kana kallon inda zai janye ƙafa. Ka duba gindin kowane farce, kada ka manta da na biyar ɗin nan. Ka kwatanta da ɗaya ƙafar mai lafiya, ita za ta nuna maka abin da ya kumbura. Idan gashi ya yi yawa ka rage shi da almakashi. Ƙaya ko sartse ko ɓarɓashin kwalba da kake ganin kansa, ka kama shi da hantsakin da ka tafasa, ka zaro shi ta hanyar da ya shiga. Wanda ya nutse ba ka ganinsa, ko ƙusa da ta shige da zurfi, kada ka bi shi da reza ko allura kana tono. Wannan aikin likita ne.

Kaska idan ka same ta, ka kama ta daf da fata ka ja a miƙe a hankali, ban da murɗawa, ban da ƙona ta da ashana a jikinsa. Akwai kuma wata tsutsa da ke yawa da damina, musamman a jikin 'yan kwikwiyo. Wani ƙuda ne ke yin ƙwai a yashin inuwa inda fitsari ko kashi ya jiƙa, tsutsar ta ƙyanƙyashe ta huda fatar karen da ya kwanta a wurin. Za ka ga ƙurji kamar maruru da ɗan rami a tsakiya, wani lokaci har ka ga abu yana motsi a ciki. Ta ramin nan take numfashi. Ka toshe shi da Vaseline na ɗan lokaci, za ta yunƙuro, sai ka matsa gefe da gefe a hankali ta fito ɗungurungum, ka wanke ramin da ruwan gishiri. Sannan a share makwancin, a sauya yashin, in ba haka ba wata za ta shiga.

Idan yanka ne yana jini, tafin ƙafa wuri ne mai yawan jini, kada ka firgita. Ka danna da tsumma mai tsabta ka riƙe minti 10 cur ba tare da ɗagawa kana leƙe ba. Farcen da ya karye har ya taɓa nama shi ma yana zubar da jini sosai, ɗan garin sitaci ko na masara da aka danna a bakinsa yana taimakawa ya tsaya. Ƙuna kuma ruwan sanyi take so, a yi ta kwarara minti 15 ko fiye, ban da ƙanƙara, ban da fasa bororo.

Bayan wanki, idan kana da aidin irin na ruwan ƙasa da ake sayarwa a kemis, wanda ake kira povidone, ka sirka shi da dafaffen ruwa har ya koma kalar shayi marar kauri, ka shafa. Sannan ka busar da ƙafar sarai, musamman tsakanin yatsu. A maimaita safe da yamma. Ga faso da kaushin hunturu kuwa, inda fata ta tsage amma babu mugunya, man kaɗanya da ke ɗakin kowace uwa ya wadatar. Ka shafa kaɗan da dare, ka zauna da shi minti kaɗan ya shiga kafin ya lashe, kuma ko ya lashi kaɗan ba zai cuce shi ba.

Bari in daɗe kaɗan a kan abin da ba a sawa, domin nan ne zuciyata ta fi ƙuna. Baƙin mai, kananzir, fetur, ruwan batir, garin cikin batir, toka, kashin shanu, fiya-fiya da sauran magungunan ƙwari na gona, duk na ga an sa wa dabba a ciwo da sunan magani. Duk abin da ka sa a ƙafar kare, ka ƙaddara ka sa masa a baki ne, domin zai lashe. Fiya-fiya tana shiga jiki ta fata ma, tana sa dalala da karkarwa, tana kisa. Dettol da Izal da muke wanke ɗaki da su suna ƙona ɗanyen nama kuma guba ne idan an lasa. Sifirit yana da raɗaɗin da zai sa karen ya ƙi yarda ka sake taɓa ƙafarsa. Sai kuma maganin ciwon jiki na mutane. Mutum ya ga karensa yana wahala, tausayi ya kama shi, ya tura masa ibuprofen ko diclofenac a cikin tuwo. Waɗannan suna huda cikin kare su lalata masa ƙoda. Farasitamol ma idan ya wuce kima yana taɓa hanta, kyanwa kuwa ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Haka ɓare kafso a barbaɗa, ko sayen allura a kasuwa a soka da ka. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Maganar cewa yawun kare magani ne, akwai ɗan abin da ta taɓo, tunda lasar farko tana share datti. Amma harshen kare yana da kaushi, bakinsa cike yake da ƙwayoyin cuta, kuma ba ya sanin ya isa. Yana lasa wurin yana jiƙewa, yana ƙaiƙayi, yana ƙara lasa, har ƙaramin ƙurji ya zama miki. Hana lasa rabin jinya ne. Tsohuwar safar yaro mai tsabta tana aiki: a sa ɗan bandeji a kan ciwon, a zura safar, a manne bakinta da filasta a kan gashi. Kada a ɗaure da roba ko igiya ko waya. Ɗaurin da ya matse yana tsayar da jini, cikin kwana ɗaya ko biyu ƙafa tana iya mutuwa, kuma wannan ya fi ciwon farko muni nesa. Ka tabbata yatsanka yana shiga ƙarƙashin ɗaurin. A sauya kullum, a cire nan take idan ya jiƙe. In karen ya dage sai ya cire, a yanka kwali mai kauri a naɗa masa a wuya kamar mazurari, bakin ya ɗan wuce hancinsa. Zai yi fushi kwana ɗaya, sannan ya saba. A ajiye shi a inuwa, a busasshen wuri, da ruwan sha a kusa, a hutar da shi daga farauta da yawo ko da ya nuna yana so. Tafin ƙafa yana jinkirin warkewa saboda kullum a kansa ake tsaye, yanka mai ɗan zurfi yakan ci mako biyu ko uku.

Jinyar gida tana da iyaka, kuma sanin iyakar yana cikin jinyar. Idan kwana biyu zuwa uku sun wuce babu sauƙi, ko kumburi yana hawa sama, ko wari da mugunya sun ƙaru, ko ya daina cin abinci, a nemi likitan dabbobi. Haka idan jini ya ƙi tsayawa, ko yankan ya buɗe baki, ko ƙafar tana lilo alamar karaya. Ƙafar da ta kumbura farat ɗaya bayan an dawo daga daji, jini yana tsattsafowa ba ya daskarewa, a yi zaton saran maciji, musamman kububuwa, kuma wannan ba ya jiran gobe. Idan kuma duka ƙafafu huɗu ne suka yi ja, gashi yana zuba, to abin daga jiki yake, ƙazuwa ce ko tsutsar ciki da ke shiga ta fata ko wani abu da jikinsa ba ya so, kuma ruwan gishiri ba zai kai can ba. Akwai asibitocin dabbobi na gwamnati a manyan garuruwa, akwai malaman dabbobi a ƙananan hukumomi, akwai asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da ta Usmanu Danfodiyo a Sakkwato da ta Maiduguri. Wanda ke duba maka sa da tunkiya, ka tambaye shi kare ma.

Na ce zan dawo kan haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan duka ta cizon kare, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai a tsira. Amma rigakafinsa yana nan tun 1885, lokacin da Louis Pasteur ya fara gwada shi a kan wani yaro a Faransa, kuma a nan gida cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, kusa da Jos, wadda ke aiki tun 1924, tana yin allurar karnuka. Ana yi wa kwikwiyo daga wata 3, a riƙa sabuntawa duk shekara. Karen da aka yi wa allura shi ne za ka kama ƙafarsa hankalinka kwance. Idan kuma tsautsayi ya sa ya cije ka ko ya yakushe ka wajen jinya, ko yawunsa ya taɓa wani rauni a hannunka, ka wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15, ka tafi asibiti ranar, ko da karen naka ne.

Mai kwikwiyo kuma ya fara tun yau. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ka riƙa kama ƙafafunsa kana buɗa yatsun kana ba shi ɗan abin tauna, har ya ɗauki abin wasa. Ranar da ƙaya ta shige shi yana babba, da kansa zai miƙo maka.

Jan karen Baffa ya yi kwana goma sha biyu a gindin rumbu da safa a ƙafa da kwali a wuya. Mun sami malamin dabbobi ranar kasuwa ya duba ramin sartsen, ya ba da maganin da ya dace saboda mugunyar. Da na koma bayan sallah na tarar Baffa ya ajiye wata tsohuwar roba da ƙullin gishiri a zaure. Ya ce mini duk ranar da suka dawo daga daji, kafin ya cire warkinsa, sai ya zauna ya bi ƙafafun karnukan nan ɗaya bayan ɗaya, kuma ranar farko kaɗai ƙarangiya bakwai ya cire.

Nan zan dakata. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu, a huta lafiya.